Ƙofa a buɗe, hanya a toshe: yadda furotin 'yan rakiya ke dakatar da magudanan fotasiyam

A farkon shekarun 1990 masu binciken jijiya sun yi karo da wani lissafi da ya ƙi fita. Sun riga sun gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera magudanan fotasiyam a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa. Sun kuma iya cusa saƙon gadon cikin ƙwan kwaɗo, ƙwan ya ƙera magudanar, su auna lantarkin da ke bi ta cikinta. Sai dai yawancin magudanan da aka samu ta wannan hanya, da zarar sun buɗe sai su daɗe a buɗe, alhali a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ana yawan ganin kwararar fotasiyam ta taso ta mutu cikin 'yan milisakanni. Ashe akwai wani furotin dabam da ba a sa a ƙwan ba, wanda ba ya cikin ginin ramin, amma yana manne da magudanar yana juya halinta.

Mai karatu kan rikice a nan, domin zai ji an ce magudana ta rufe, can gaba kuma a ce ta daina aiki alhali ƙofarta a buɗe take. Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma bambancin nasu ne ke bayyana dalilin da ya sa magudana iri ɗaya ke aiki da sauri a wannan jijiya, ta yi nawa a waccan.

## Abubuwan da sai an san su kafin a ci gaba

Kowace ƙwayar halitta tana kewaye da wani siririn tantani na maiƙo. Ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji, ba ya iya ratsa maiƙo, don haka sai an yi masa hanya. Hanyar ita ce magudana: wani furotin da ya ratsa tantanin, mai rami a tsakiya.

Fotasiyam ya fi yawa a cikin ƙwaya, kusan milimol 140 a kowace lita, a wajenta kuwa bai wuce 4 zuwa 5 ba. Sodiyam akasin haka yake. Wani famfo da Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957 ne ke riƙe da wannan bambanci, yana fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu a kowane zagaye. A ƙwayar jijiya da ke hutawa, cikin ƙwayar yana ƙasa da wajenta da kusan milibolt 70. Idan saƙo ya zo, magudanan sodiyam ne ke fara buɗewa, sodiyam ya kwararo ciki, lantarkin ya yi sama. Daga nan magudanan fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fice, lantarkin ya dawo ƙasa. Wannan hawa da sauka, da Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka fayyace a 1952, shi ne bugun jijiya. Ke nan fitar fotasiyam ce ke kashe bugu, kuma duk abin da ya rage ta zai tsawaita bugun ko ya sa jijiya saurin tashi.

Magudanan fotasiyam da ke buɗewa saboda sauyin lantarki ana yi musu laƙabi da Kv. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 40 da ke ƙera su, an kasa su gida 12. Kowace magudana furotin huɗu ne suka yi da'ira suka bar rami a tsakiya, su ake kira ɓangarorin alfa. Ramin yana da sassa uku. Ta bakin waje akwai matsattsen wuya mai tantance fotasiyam daga sodiyam. A tsakiya akwai wani ɗan fili mai ruwa, bangonsa kuwa maiƙo-maiƙo ne. Ta bakin ciki akwai ƙofar da lantarki ke buɗewa da rufewa.

'Yan rakiya su ne furotin da ba su cikin waɗannan huɗu, ba sa iya wuce da ayon ko ɗaya da kansu, amma suna manne da magudanar kusan duk tsawon rayuwarta.

## Rufewa dabam, toshewa dabam

Magudanar da ta rufe a shirye take. Da lantarki ya tashi za ta buɗe. Wadda ta toshe kuwa, lantarki na sama, ƙofar ciki a buɗe, amma ba abin da ke wucewa, kuma ƙara lantarkin ba zai amfana komai ba. Sai lantarkin ya sauka, an ba ta lokaci, kafin ta farfaɗo.

Hanyoyin toshewa biyu aka fi sani. Ta farko mai sauri ce: wata jela ta furotin da ke lilo a cikin ƙwaya ta shiga ramin ta bakin ciki ta cushe shi. Tunda jelar farkon sarƙar furotin ce, wanda masana sinadarai ke kira ƙarshen N, sai aka sa wa wannan hanya suna toshewa irin ta N. Ta biyu ana kiranta irin ta C, yawanci ta fi jinkiri, kuma a wuyan waje take faruwa: wuyan ne ke sauya siffa har ya kasa wuce da fotasiyam. 'Yan rakiya suna taɓa dukkansu, amma a ta farkon ne aikinsu ya fi fitowa fili.

## Daga dabbar teku zuwa ƙuda

Tunanin cewa wani abu ne ke shiga ya cushe ramin ya girmi ganin ramin kansa da shekaru da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1971, Clay Armstrong ya riƙa zuba wasu sinadarai masu caji da jela mai maiƙo cikin ƙatuwar jijiyar skwid, wata dabbar teku da jijiyarta ke da kaurin da za a iya zura waya a ciki. Ya lura sinadaran ba sa toshe magudanar fotasiyam sai bayan ta buɗe, kuma idan aka ƙara fotasiyam a waje sai ya ingizo su su fita. A 1973 shi da Francisco Bezanilla da Eduardo Rojas suka wanke cikin jijiyar da wani inzayim (furotin mai sarrafa sinadarai) mai cin furotin. Magudanan sodiyam suka ci gaba da buɗewa yadda suka saba, amma suka daina toshewa. Wato inzayim ɗin ya gutsure wani abu da ke rataye ta ciki. A 1977 Armstrong da Bezanilla suka fito da bayanin da aka sani da ƙwallo da sarƙa. Wanda ya taɓa ganin robar toshe ramin baho da ke rataye a jikin 'yar sarƙa ya ga hoton da suke nufi.

Hujja ta zo ne daga ƙudan 'ya'yan itace. Akwai wani jinsi mai naƙasar gado da ƙafafunsa ke karkarwa idan aka sumar da shi da iskar eta, saboda haka aka sa wa ƙwayar gadon suna Shaker. A 1987 aka ware ta, musamman a ɗakin binciken Lily Jan da Yuh Nung Jan a San Faransisko, aka tabbatar magudanar fotasiyam take ƙerawa. A 1990 Toshinori Hoshi da William Zagotta da Richard Aldrich na Jami'ar Stanford suka yanke farkon sarƙar Shaker. Toshewa mai sauri ta ɓace. Suka haɗa guntun nan mai amino asid 20, wato tubalan da ake jera sarƙar furotin da su, a ɗakin gwaji, suka zuba shi haka kawai a ruwan da ke ɓangaren ciki na tantani, sai toshewar ta dawo. Da suka gajarta sarƙar da ke riƙe da guntun, toshewa ta ƙara sauri, da suka tsawaita ta sai ta yi nawa. Bayan shekara uku Roderick MacKinnon da Aldrich da Alice Lee suka nuna cewa ko da yake kowane ɓangaren alfa yana da jelarsa, jela ɗaya ta isa. Amfanin huɗun shi ne sun ninka saurin kamun.

Wani abin lura: domin magudanar sodiyam aka ƙirƙiro bayanin ƙwallo da sarƙa, amma a ta fotasiyam ya tabbata. Hotunan magudanar sodiyam da aka samu daga 2017 sun nuna guntun da ke dakatar da ita ba cikin rami yake shiga ba, a gefe yake maƙalewa ya matse ƙofar.

## Jelar aro

Komawa ga ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, dafin maciji ne ya buɗe hanya. Koren mamba yana da wani dafi, dendirotoksin, da ke kama wasu magudanan gidan Kv1 kam-kam. Ƙungiyar Oliver Dolly a Landan ta yi amfani da shi wajen zaƙulo magudanan daga ƙwaƙwalwar shanu, sai ga wani ƙaramin furotin yana biyo su duk inda suka je. A 1994 Jens Rettig da abokan aikinsa a ɗakin binciken Olaf Pongs da ke Hambag a Jamus suka haɗa ɗaya daga cikin irin waɗannan furotin, Kvβ1 (alamar ta ƙarshe beta ake karanta ta), da magudanar Kv1.1. Magudanar da a da take zama a buɗe sai ga ta tana toshewa cikin 'yan milisakanni. Da aka duba farkon sarƙar Kvβ1, sai aka tarar tsarinsa irin na jelar Shaker ne: amino asid masu gudun ruwa a baki, masu cajin tarawa (+) a bayansu. Magudanar ba ta da jela, ɗan rakiya ya ara mata.

Ƙwayoyin gado uku ne ke ƙera wannan dangi a jikin mutum. Kvβ1 da Kvβ3 suna da jela. Kvβ2, wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, ba shi da ita. A nan ne dabarar take. Kowace magudana tana da kujeru huɗu na 'yan rakiya. Idan Kvβ1 ya cike su duka, toshewa ta yi sauri. Idan Kvβ2 ya zauna a uku, jela ɗaya ce ta rage, kamu ya yi jinkiri. Idan ya mamaye huɗun, babu toshewa mai sauri sam, sai fa in ɗaya daga ɓangarorin alfa irin Kv1.4 ne mai jelar kansa. Da haka ƙwaya ke iya saita lokacin magudana ba tare da ta taɓa ginin ramin ba, ta hanyar sauya yawan ɗan rakiyar da take ƙerawa kawai.

Ita ma magudanar tana da ta cewa. A 1998 aka gano Kv1.6 tana da wani guntu mai cajin ɗebewa (−) da ke hana jelar Kvβ1 aiki, kuma ɓangare ɗaya tak na Kv1.6 cikin huɗun ya isa ya hana toshewar.

## Ta ina jelar ke shiga?

Da aka fara ganin siffar waɗannan furotin, bayanin ya so ya shiga matsala. MacKinnon, wanda a 1998 ya fitar da hoton farko na magudanar fotasiyam daga wata ƙwayar bakteriya, ya kuma samu kyautar Nobel a 2003, ya ci gaba da bin 'yan rakiyar. Tsakanin 1999 da 2000 ɗakin bincikensa ya nuna cewa a ƙarƙashin ramin, ta ɓangaren cikin ƙwaya, akwai wani dandamali da ɓangarorin alfa suka haɗa, ana kiransa T1, kuma a ƙasan dandamalin ne Kvβ huɗu ke manne. Ramin da ke tsakiyar dandamalin ya yi ƙanƙanta, ba jelar da za ta bi ta nan. To ta yaya abin da ke can ƙasa zai kai ga bakin rami?

Amsar ita ce tagogi. Tsakanin dandamalin da tantani akwai wagegen tagogi huɗu ta gefe, ta nan fotasiyam ke bi, ta nan kuma jelar ke kewayowa. Bangon tagogin cike yake da cajin ɗebewa, wanda ke janyo sashen jelar mai cajin tarawa. Hoton Kv1.2 haɗe da Kvβ2 da aka fitar a 2005 ya nuna tagogin ƙarara.

Aikin da Ming Zhou ya jagoranta a wannan ɗaki a 2001 ne ya gyara hoton ƙwallon. Sun riƙa sauya amino asid ɗaya a jelar Kvβ1, su sauya ɗaya a bangon ramin, su ga waɗanne ne ke jin juna. Abin da ya fito shi ne jelar ba dunƙulalliya ba ce da ke zama a bakin rami. Miƙaƙƙen zare ne. Yakan fara kama gefen tagar da cajinsa, sa'an nan bakinsa mai maiƙo ya zura cikin buɗaɗɗiyar ƙofa har filin tsakiya, ya manne da bango mai maiƙo, daidai wurin da sinadaran Armstrong ke zama. A 2020 ƙungiyar Crina Nimigean ta ɗauki hoton irin wannan zare a cikin ramin wata magudanar fotasiyam mai suna MthK da na'urar hangen furotin a daskare.

Wannan siffa ta warware abubuwa da dama a lokaci guda. Jelar ba ta da ma'aunin lantarki, amma tana bin lantarki, domin sai ƙofa ta buɗe take samun shiga. Muddin tana ciki, ƙofar ba ta iya rufewa da kyau, shi ya sa idan lantarki ya sauka, magudanai da yawa sukan sake zubar da ɗan fotasiyam a daidai lokacin da jelar ta fice kafin ƙofa ta rufe. Haka kuma idan jelar ta tare hanya daga ciki, wuyan waje yakan rasa fotasiyam ɗin da ke tokare shi, sai toshewa irin ta C ta biyo baya da sauri. Daga nan farfaɗowa ta ƙara tsawo.

Kusancin jela da bango ya kai inda ƙaramin sauyi ke da babban tasiri. A ƙwaƙwalwa akwai inzayim da ke gyara saƙon gadon Kv1.1 bayan an kwafe shi, ya mayar da amino asid na 400 daga aisolusin zuwa balin. Bambancin biyun bai wuce ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin biyu ba. A 2004 aka nuna wannan gyara, da yake a bangon filin tsakiya yake, yana sa jelar Kvβ1 saki da sauri har kusan ninki 20.

## Ba kowane ɗan rakiya ke toshewa ba

Magudanar fotasiyam ta BK, mai buɗewa da kalsiyam da lantarki, tana da nata ɗan rakiyar mai suna β2. Gininsa ba shi da dangantaka da Kvβ, domin shi ratsa tantani yake yi har sau biyu, amma dabara ɗaya ce: jela a farkon sarƙa, amino asid uku masu maiƙo a baki. Shi ke toshe BK a ƙwayoyin da ke fitar da adirinalin a saman ƙoda.

Sauran kuwa sukan yi akasin haka. Furotin KChIP, da aka bayyana a 2000, suna kama farkon sarƙar magudanan Kv4 na zuciya da ƙwaƙwalwa, su jinkirta toshewa, su gaggauta farfaɗowa. DPP6 da DPP10 suna gaggauta toshewar waɗannan magudanan. KCNE1, ɗan ƙaramin furotin mai ratsa tantani sau ɗaya, idan ya haɗu da magudanar KCNQ1 a zuciya yakan kawar da toshewarta gaba ɗaya, ya kuma sa ta buɗe a hankali. Saboda haka duk bayanin da ya ce aikin 'yan rakiya shi ne kashe magudana ya faɗi rabin magana ne.

## Inda masana suka rabu

Babbar muhawarar a kan jikin Kvβ take, ba a kan jelarsa ba. Tun 1994 aka lura jerin amino asid ɗinsa ya yi kama da na wani dangin inzayim masu sarrafa sinadaran aldihaid. Hoton 1999 ya tabbatar da haka, har da ƙwayar NADPH, sinadarin da ke ɗaukar elektron a cikin ƙwaya, a maƙale a jikinsa. Me inzayim yake yi a gindin magudana?

Wani ɓangare na ganin Kvβ ma'auni ne da ke sanar da magudana halin da ƙwaya ke ciki wajen ƙona abinci. Hujjarsu: daga 2006 ɗakin binciken Ming Zhou a Jami'ar Columbia ya nuna inzayim ɗin yana aiki da gaske, kuma idan NADPH ya ba da elektron ɗinsa ya koma NADP+, toshewa takan ragu, fotasiyam ya ƙara fita. Mafi ƙarfin hujjarsu daga ƙuda ta zo. A 2019 ƙungiyar Gero Miesenböck a Jami'ar Oxford ta nuna cewa a wasu 'yan ƙwayoyin jijiya masu jawo barci, daɗewa a farke yana sa injinan ƙona abinci na ƙwaya su zubar da sinadarai masu ƙwace elektron. Hakan na mayar da NADPH na ɗan rakiyar Shaker, mai suna Hyperkinetic, zuwa NADP+. Toshewa ta yi jinkiri, jijiyoyin suka ƙara yawan bugu, ƙuda ya yi barci. Zai iya zama abin mamaki a ce ƙarin fitar fotasiyam ya ƙara bugu, amma dalilin a fili yake: bugun da aka kashe da wuri yana ba na bayansa damar tasowa da wuri.

Ɗaya ɓangaren yana tunatar da cewa inzayim ɗin yana da matuƙar nawa in aka gwada shi da 'yan uwansa. Suna kuma kafa hujja da wani gwaji na 2002: ɓerayen da aka cire wa Kvβ2 gaba ɗaya sun riƙa samun farfaɗiya jefi-jefi, rayuwarsu ta gajarta, amma waɗanda aka bar musu furotin ɗin aka lalata wurin aikin inzayim kawai, ba a ga wata matsala a tare da su ba. A ganin waɗannan, kasancewar furotin ɗin a wurin ta fi aikinsa na inzayim muhimmanci.

In aka auna, hujjojin biyu ba su ci karo kai tsaye ba. Nawar inzayim aibi ce in ana son ya sarrafa kaya mai yawa, amma ga abin da aikinsa shi ne riƙe alamar wani abu da ya faru, nawa ita ake bukata. Sai dai gwajin barcin a ƙuda aka yi shi, kuma kanun labaran da suka gabatar da shi a matsayin sirrin barcin ɗan Adam sun wuce inda hujjar ta tsaya.

Akwai ƙaramar muhawara kuma a kan furotin LGI1, wanda naƙasarsa ke jawo wata farfaɗiya ta gado da mai ita kan ji sauti ko ƙara kafin ta tashi. A 2006 aka ba da rahoton cewa LGI1 yana hana jelar Kvβ1 toshe Kv1.1, kuma naƙasasshensa ba ya iyawa. Wasu suka ce da sake, domin LGI1 fitar da shi ake yi zuwa wajen ƙwaya inda yake kama wani furotin mai suna ADAM22, jelar kuwa a ciki take. Bayanin da ya fi samun karɓuwa yanzu shi ne LGI1 yana taimakawa wajen tsayar da isassun magudanan Kv1 a wuraren da ake bukatarsu a jikin jijiya.

## Abin da ya shafi mai lafiya da majinyaci

Amfanin toshewa ga jiki a fannin lokaci yake. A 2000 Jörg Geiger da Peter Jonas suka auna lantarki kai tsaye a bakin wata jijiya da ke sashen ajiyar tunani na ƙwaƙwalwar ɓera. Bugu ɗaya gajere ne ƙwarai. Amma idan bugu ya riƙa zuwa a jere, magudanan fotasiyam sukan toshe ɗaya bayan ɗaya ba su samu sun farfaɗo ba, sai bugun ya faɗaɗa har kusan ninki uku, kalsiyam ya ƙara shiga, saƙon da ake miƙa wa jijiya ta gaba ya ƙara ƙarfi. Wato jijiyar tana riƙe da tarihin abin da ta yi daƙiƙa kaɗan da suka wuce a cikin adadin magudananta da ke toshe. Ɓerayen da aka cire wa Kvβ1.1 sun rasa wani kaso na wannan faɗaɗa, suka samu tangarɗa a wasu gwaje-gwajen koyo suna matasa, amma da suka tsufa sai aka ga sun fi tsaransu koyo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba za a ce yawan toshewa ko ƙarancinta ne alheri ba sai an san wace jijiya ce, kuma a wane lokaci.

A asibiti, wurin da aka fi ganin tasirin ɗan rakiya shi ne zuciya. Naƙasa a KCNQ1 ko KCNE1 tana jinkirta dawowar lantarkin zuciya bayan kowane bugu, abin da likita ke gani a takardar awon zuciya a matsayin tsawaitar tazarar da ake kira QT. Mai wannan lalura na iya suma ko mutuwar fuju'a, sau da yawa a lokacin motsa jiki. Tunda furotin biyun nan ne ke zuba fotasiyam a ruwan cikin kunne, yaron da ya gaji naƙasar daga uwa da uba yakan zo da kurumta tun haihuwa, lalurar da likitoci biyu na Norwe, Jervell da Lange-Nielsen, suka bayyana a 1957. Yaro kurma da ke yawan suma yana bukatar awon zuciya, ba maganin farfaɗiya kaɗai ba.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, an daɗe ana cewa wasu majinyata garkuwar jikinsu ce ke yaƙar magudanan fotasiyam. A 2010 aka gano yawancinsu ba magudanar ake kai wa hari ba, abokan zamanta ne, LGI1 da CASPR2. Mai ciwon LGI1, galibi wanda ya manyanta, yakan fara da fizgar fuska da hannu ta ɗan lokaci sau da yawa a yini, sai mantuwa da rikicewa su biyo. Ciwon yana jin maganin da ke lafar da garkuwar jiki fiye da maganin farfaɗiya na yau da kullum, kuma gano shi da wuri yana rage ɓarnar.

Masu haɗa magani sun daɗe suna kwaɗayin wannan fage. Filin tsakiyar rami kusan iri ɗaya ne a magudanai da yawa, don haka maganin da ya shiga can yakan kama har waɗanda ba a nufa ba. Mahaɗar magudana da ɗan rakiyarta kuwa ta fi keɓanta. An gwada sinadaran da ke hana jelar Kvβ1 shiga Kv1.1 da nufin rage farfaɗiya, kuma a 2008 aka nuna maganin kotizon yana iya ɓamɓare Kvβ daga jikin magudana, ko da yake da adadin da ya zarce wanda jini ke ɗauka. Waɗannan duk a matakin gwaji suke, saboda haka duk mai tallar wani magani ko ƙarin abinci da sunan yana gyara 'yan rakiyar magudanan fotasiyam, ba da wannan bincike yake magana ba.

Abin da ya fi kusa da kowa shi ne yawan fotasiyam a jini, wanda a ƙa'ida yake tsakanin milimol 3.5 zuwa 5 a lita. Magudanar fotasiyam ta zuciya mai suna hERG tana toshewa ne ta wuyan waje, kuma fotasiyam na waje ne ke tokare wuyan. Idan gudawa ko amai ko maganin sa fitsari suka rage fotasiyam a jini, hERG takan ƙara toshewa, QT ya tsawaita. In a wannan hali mutum ya sha maganin da shi ma yake cushe filin tsakiyar hERG, haɗarin rikicewar bugun zuciya ya ninku. Irin wannan illa ce ta sa aka janye maganin ciki sisafiraid daga kasuwar Amurka a 2000, ita ce kuma ta sa aka yi baya-baya da maganin zazzaɓin cizon sauro halofantirin. Shi ya sa likita kan nemi a auna fotasiyam kafin ya rubuta wasu magunguna, kuma ba a son mutum ya sayi ƙwayar fotasiyam ya sha da kansa, domin yawansa ma yana tsayar da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda.